Daga Ƙofar Mata Zuwa Madabo da Ƙafa

Wanda ya shigo Kano ta hanyar Zariya a 'yan shekarun nan, gadoji ne suke fara yi masa maraba. Ya wuce Na'ibawa da Unguwa Uku, ya bi Gadar Lado, ya hau ta Dangi mai hawa uku, kafin ya ankara ga shi a Ƙofar Nasarawa, inda aka kafa babbar gadar sama a zangon mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, tsakanin 2011 da 2015. Abdullahi Umar Ganduje ya ƙarasa doguwar nan ta Sabon Gari, ya ɗora da nasa, har da ta Hotoro da ta Ƙofar Mata. Abba Kabir Yusuf kuma ya ɗauko ta Ɗan'agundi da ta Tal'udu. Gwamnonin uku sun saɓa a abubuwa da yawa, amma a kan gada bakinsu ya zo ɗaya. Ban raina aikin ba, kuma duk wanda ya taɓa shan zaman cunkoson Dangi a da ba zai raina shi ba. Sai dai gada mutum ɗaya take yi wa hidima, wato wanda ke cikin mota yana sauri ya wuce. Yawancin mutanen da na gani a wannan tafiya ba masu wucewa ba ne. A nan suke kwana, a nan suke neman abinci, kuma a ƙasa suke tafe.

Ziyara ce ta kai ni. Akwai wani dattijo a Madabo, abokin karatun mahaifina, da aka daɗe ana ce mini in je in gaishe shi. Mai masaukina ya ce in ajiye mota, don ko na shiga da ita ba inda zan kai ta. Na bar ta a wajen ganuwa, na shiga ta Ƙofar Mata da hantsi.

Karofin nan mai rubutun 1498 a ƙofarsa yana nan, marina na tsoma zane a baba kamar yadda suka gada. Gaba kaɗan ga Asibitin Murtala. A sama motoci ke tafiya sumul a kan gada, a ƙasa kuwa jama'a ce maƙil: 'yan dubiya da kwanukan abinci, tsohuwa an riƙo hannunta za a kai ta ganin likita, 'yan makaranta, masu baro, masu kurar ruwa, gurgu a kan kekensa yana murzawa da hannu, ga adaidaita sahu sun cika ko'ina, kowa na neman fasinja. Mai son tsallaka titi sai ya tsaya ya jira wasu su taru, sannan a kutsa tare, ana ɗaga wa direbobi hannu. Ba wanda ya koya wa kowa wannan dabara, wuya ce ta koyar.

Daga nan zuwa Masallacin Juma'a na kusa da gidan Sarki titin yana da faɗi, an kuma yi masa gefen masu tafiya a ƙasa. Amma bin sa ba ya yiwuwa sai a guntu-guntu. Taku kaɗan sai teburin mai kaya, gaba janareto, gaba an jera babura, gaba kuma mota ce ta hau ta tare wurin gaba ɗaya. Inda babu kowa, sai ka tarar murfin lambatu ya karye ko an ɗauke shi. Dole ka sauko kan kwalta, ka bi bakin-bakinta kana waiwaye, madubin adaidaita na gogar kafaɗarka. Mai jini a jika zai iya. Na yi ta tunanin makaho da ɗan jagoransa, da mace mai goyo tana jan wani yaron, da dattijon da zai je sallar Asuba cikin duhu. Ban ga laifin mai tebur ba tukuna. Inda mutane suke nan ciniki yake, kuma ba a tanadar masa wani wuri ba. Titin ne aka zana kamar ba a san da zamansa ba, shi kuwa ya ci rabon wanda ya fi shi rauni.

A Kasuwar Kurmi ne mutum zai gane a kan me birnin nan ya ginu. Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa ta, kuma ɗaruruwan shekaru ayarin raƙuma daga Agadas da Gat, da jakunan fataken goro daga Gwanja, nan suke sauke kaya. Bajamushen nan Heinrich Barth da ya zo a 1851 ya zauna a unguwar Dala, ya rubuta labarin turkuɗi da fatun Kano da ake kaiwa har Tarabulus da Tambutu. Duk wannan arziki a bayan dabba da kan ɗan dako ya shiga ya fita. Yau ma da sauran hakan. Mota tana kawo kaya bakin kasuwa ta tsaya, ragowar tafiyar kuwa ta mai baro ce da ɗan dako. Na raɓe a wata kwana ina kallo, ban ga kaya ko ƙulli ɗaya da ya isa rumfa ba tare da ƙafar mutum ta kai shi ba. Amma in ana maganar gyaran titi, waɗannan mutane ba a lissafa su cikin masu amfani da shi, sai dai cikin masu tare shi.

Bayan Kurmi sai Jakara. Ita ce ta raba tsohon birni biyu tun fil azal, har Baturen Ingila Hugh Clapperton da ya zo a 1824 ya ambaci fadamar da ta ratsa tsakiyar gari. Daga nan ruwanta yake fita ta wajen Fagge, ya haɗu da Getsi, ya ƙare a madatsar Wasai. Da gari ya cika, sai ta zama matattarar kwata da shara, ga wari, ga sauro, ga ambaliya da damina. A zangon Kwankwaso na biyu aka ɗauko aikin da mutane suke kira titin Wuju-Wuju: a gina wa rafin magudana ta kankare, a rufe ta, a shimfiɗa titi a kai, ya ratsa Gwale da Birni da Dala da Fagge. Aikin ya tsaya shekara da shekaru. Abba Kabir Yusuf, wanda shi ne kwamishinan ayyuka lokacin da aka fara, ya yi alwashin ganin an ƙarasa shi bayan ya hau mulki a 2023. Inda na tsallaka, tun kafin aikin ya kammala jama'a sun riga sun mai da wurin hanya: masu kura, masu keke, mata masu zuwa kasuwa, yara da ƙwallo. Na daɗe a tsaye a wurin, don a ganina ba wani titi a Kano da zanensa zai shafi rayuwar mutanen cikin ganuwa kamar wannan. Shi ne zai zama babbar hanyar da ta ratsa ƙirjin birni, ta gefen kasuwa mafi tsufa da unguwanni mafi cunkoso.

Da na tsallake na nufi wajen Dala, sai ƙarar gari ta fara raguwa. Lungunan Madabo matsattsu ne, suna karkacewa, wani ya ɓulle wani ya ƙare a ƙofar gida. Katangu suna yi wa juna inuwa, shi ya sa ko da rana ta take ana iya tafiya. Ginin ƙasa ya ragu, bulo da kwano sun yi yawa, amma tsarin lungun bai sake ba. Ga dakali a ƙofar gidaje, ga soraye a buɗe, kana jin karatu na tashi daga ciki. Yaro ƙarami yana tafe shi kaɗai da kwanon aike, ba mai fargaba a kansa. Babur in ya shigo dole ya sassauta, ba don dokar kowa ba, don kwana ba ta barin sa ya yi gudu. Masu tsara birane a Turai suna kashe kuɗi masu yawa su matse titi, su karkata shi, don su samu abin da lungun nan yake da shi tun asali.

Madabo ba ƙaramar unguwa ba ce a tarihin ilimi. Rubutaccen tarihin Kano ya ce Wangarawa sun zo daga Mali zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, shugabansu Abdurrahman Zaite. Wani rubutun na zuriyar Wangarawan ya kai zuwansa zamanin Rumfa. Ko wanne ne, da su ake danganta masallacin Madabo da makarantarta, kuma a nan sarautar Babban Malami take. Abin da Madabo ta yi fice a kai shi ne fiƙihun Malikiyya, musamman Mukhtasar na Shehu Khalil, malamin Misira na ƙarni na 14. Malam Muhammadu Salga ma a nan ya yi karatu kafin ya kafa tasa makarantar.

Na sami dattijon a soro, a kan buzu, littattafai jere a gefensa. Bayan gaisuwa da tambayar mutanen gida da addu'a ga mamata, ya tambaye ni ta ina na biyo. Na ba shi labarin hanya, har na ce, "Allah gafarta Malam, ni dai na ga kamar mai tafiya a ƙasa ba shi da rabo a titunan nan." Ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, ai wannan mas'ala ce, kuma an karanta ta a unguwar nan tun kafin a san mota." Ya bayyana mini cewa a cikin Mukhtasar, wajen da ake maganar haƙƙoƙin maƙwabta, hukunci ya zo cewa gini in ya ci hanyar jama'a rushe shi ake yi, ko da bai cuci kowa ba. A wuri guda kuma aka yarje wa masu ƙaramin ciniki su zauna a ƙofar gidaje, muddin abin bai yi nauyi ya takura masu wucewa ba. Ya ƙara da cewa hadisi ya ƙayyade kamu bakwai in an yi jayayya a kan faɗin hanya, malamai kuma suka fahimci hikimar ita ce dabba mai kaya ta wuce ba tare da ta ture kowa ba.

Na fito daga soron nan da abin da ban zo nema ba. Hukunce-hukuncen biyu da ya ambata, in aka haɗa su, sun ƙunshi yawancin abin da injiniyoyin zamani suke muhawara a kai. Hanya ta kowa ce, mai ƙarfi ba ya mallake ta don yana da ƙarfi. Mai ciniki yana da wuri a cikinta, amma wurin yana da iyaka. Faɗinta kuma ana auna shi ne da abin da yake bi ta kai a zahiri. Ba sai mun aro wannan tunani daga wata ƙasa ba. Abin da ya rage shi ne a tambaya da gaske: yau me yake bin hanyoyin birni?

Keke na cikin amsar, kuma ya fi yadda ake zato yawa. A bakin titin da ya nufi Dala na zauna wurin wani mai gyaran keke, yana ɗaure sarƙa, yaronsa na yin faci. Ya ce tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023 aiki ya dawo masa. Lita da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Mutane suka zaro tsofaffin kekuna daga ɗakin ajiya, malamin makaranta da ƙaramin ma'aikaci da tela duk suka koma feda. "Alhaji," in ji shi, "gari ne shimfiɗaɗɗe, ba hawa ba gangara. Abin da yake hana mutane tsoro ne, sai kuma kunya." Gaskiya ya faɗa a duka biyun. Akwai lokacin da Raleigh sabo ful, da ƙararrawa da fitila, abin alfahari ne ga magidanci, samari kuma su yi layi wurin mai hayar keke. Daga baya babur ya zo, mota ta yawaita, keke ya zama alamar rashi. Kunyar nan tana wucewa in aljihu ya matsa. Tsoron ne ba ya wucewa, domin mai keke a titin Kano ba shi da layi, yana tsakanin lambatu da tayar tirela. A 2001 Ministan Sufuri Ojo Maduekwe ya yi ta kiran 'yan Najeriya su hau keke, shi da kansa ya hau a Abuja, mota ta ture shi cikin rami. Mutane sun yi dariya, amma darasin da ke ciki shi ne kira ba ya wadatarwa in ba a gyara hanya ba. A Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, an ware wa masu ƙafa biyu hanyarsu a gefen manyan tituna, shi ya sa har mata da tsofaffi suke hawa.

Direba ma yana da ta cewa, kuma ban yarda a mai da shi abokin gaba ba. Adaidaita sahu ta shigo ne a 2005, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, da nufin ɗaukar mata. Da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero hari a ranar 19 ga Janairu 2013, gwamnati ta hana acaɓa, sai adaidaita ta gaje kusan duk sufurin cikin gari. Saurayin da ya ɗauke ni daga baya ya ce kullum sai ya haɗa kuɗin mai mashin kafin ya nemi na cefane, ga mai ya yi tsada. "Alhaji, fasinja in ya ɗaga hannu dole in tsaya, to a ina zan tsaya? Ba a yi mana wuri ba." Tsayawar da yake yi a tsakiyar hanya ita ce rabin cunkoson birni, kuma maganinta ba ya wuce a yanka masa gurbi a gefen titi kowane 'yan mitoci ɗari. Jami'an KAROTA, hukumar da aka kafa a 2012, suna iya kama mai laifi, amma ba za su iya ƙirƙiro wurin tsayawar da ba a gina ba. Mai mota kuma yana da uzuri na gaske. Mara lafiya da tsakar dare, mace mai naƙuda, motar kashe gobara, duk suna buƙatar hanyar da za ta kusanto lungu. Mutanen Madabo da na zanta da su ba wanda ya ce ba ya son titi. Suna son sa ƙwarai, suna dai tsoron irin wanda za a kawo.

Tsoron yana da dalili. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce kusan mutum miliyan 1.19 ne suke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa da masu keke da masu babur, kuma Afirka ce ta fi kowace nahiya yawan mace-macen in aka kwatanta da yawan jama'a. Gudu ne yake kisa. Hukumar ta ce haɗarin mutuwar wanda mota ta buge yana ninkawa sau huɗu da rabi in gudun ya tashi daga kilomita 50 zuwa 65 a awa. Shi ya sa taron ministocin duniya a Stockholm a 2020 ya nemi a tsayar da gudu a kilomita 30 duk inda mutane da motoci suke cuɗanya. Mutumin Dala ba ya buƙatar a kai shi nesa don ya fahimta. Asibitin Ƙashi na Dala, da aka buɗe a 1959, yana nan kusa da shi, ya kuma san su wa ake kaiwa da karaya. Titi miƙaƙƙe, mai faɗi, mai santsi, a tsakiyar unguwannin da yara suke yawo su kaɗai, kiran gudu yake yi, ko an kafa allo nawa.

Ga yadda nake ganin titin Jakara ya kamata ya kasance, haka ma titunan da suka tashi daga Ƙofar Mata da Ƙofar Mazugal zuwa tsakiyar birni. A fara awo daga bango, ba daga tsakiya ba. Mai tafiya a ƙasa ya samu aƙalla mita biyu a kowane gefe, a rufe lambatu ruf da murfi mai nauyin da ba a iya ɗagawa, a kuma sassauta bakin hanyar a mahaɗa yadda keken guragu da baro da kura za su hau su sauka. Bayan wannan a bar wani tsiri na masu tebur, a shata wa kowa iyakarsa, ƙungiyoyin 'yan kasuwa su riƙa tsawatarwa, domin sun fi kowa sanin 'ya'yansu. Sai hanyar keke, ita ma kamar mita biyu, kuma a raba ta da ta mota da dandamalin kankare. Fenti kaɗai ba zai yi ba, cikin mako guda za a mai da shi wurin ajiye mota. Abin da ya rage shi ne na mota, kuma mita uku sun ishi layi ɗaya a cikin gari. Layi in ya matse, ƙafar direba da kanta take sauka daga totur.

Wurin tsallakawa ne na fi damuwa da shi. An gina gadojin ƙafa a wasu manyan titunan Kano, amma kowa ya ga yadda mutane suke bi ta ƙarƙashinsu, domin tsoho da mai kaya a ka da mai ciwon gwiwa ba za su hau matakala su sauko ba. A cikin birni mafita ita ce a ɗaga kwaltar kanta ta yi daidai da gefen hanya a ƙofar kowane masallaci da makaranta da bakin kasuwa, yadda mota ce za ta hau a hankali, mutum kuwa ya wuce a miƙe. A tuna kuma cewa titin zai yanke lungunan da suka saba ɓullewa juna. Duk inda lungu ya fito, a nan mutane za su tsallaka, ko an yarda ko ba a yarda ba, har da masu ɗauke da makara a kafaɗa. Gara a zana wurin tun farko. Manyan motocin kaya a ba su lokaci, bayan Isha zuwa hantsi. Sannan itatuwa: a watan Afrilu zafin Kano yana haura digiri 40, kuma ba mai taka ƙafa ko feda a kan kankare tsirara in yana da zaɓi. Darbejiya ba ta da tsada, ba ta kuma neman ruwa da yawa in ta kama.

Alhazanmu sun ga irin wannan da idonsu. A Madina an fitar da motoci daga harabar Masallacin Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, an yi musu wurin ajiya a ƙarƙashin ƙasa, an kafa lemomin inuwa, dubban ɗaruruwan mutane suna tafe ba mai yi musu ham. Masu zuwa ziyarar Shehu Tijjani a Fas sun san tsohon birnin can ba a shiga da mota, alfadarai da amalanke suke kai kaya, kuma tun 1981 UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya, baƙi na tururuwa. Akwai kuma darasi ta ɗaya ɓangaren. A Seoul ta Koriya ta Kudu sun taɓa rufe rafin tsakiyar birninsu suka ɗora titi da gada a kai, daga baya tsakanin 2003 da 2005 suka rushe suka tono rafin. Ban ce a bar Jakara a buɗe ba, wanda ya kwana kusa da warinta ne yake da ikon wannan magana, amma ya kamata a san cewa titi mai faɗi ba ya ƙarar da cunkoso, sabbin motoci yake jawowa. A Addis Ababa kuma, daga 2024, an yi hanyoyin ƙafa da na keke masu kyau, amma sai da aka rushe tsohuwar unguwar Piassa aka tashi mutanenta. Wannan tsada ce da bai kamata birnin Kano ya biya ba. Gidan da aka rushe a Madabo ba bulo kaɗai ba ne, wataƙila soro ne da aka yi shekaru ɗaruruwa ana karatu a ciki. Mun riga mun ga yadda ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara ginawa wajen shekara ɗari tara da suka wuce ta zaizaye a idonmu.

Da la'asar sakaliya na hau Dala. Daga sama ana ganin rufin gidaje sun haɗe har iyakar gani, hasumiyoyin Masallacin Juma'a a can, Goron Dutse a yamma, titunan mota kuwa 'yan ƙalilan ne a cikin wannan yalwa. Wani matashi da muka hau tare ya tuna mini cewa ranar Takutaha duk hanyoyin da suka nufo dutsen nan mutane ne suke cika su, mota sai ta haƙura. Haka ranar hawan Sallah da hawan Daushe, haka ranar Maukibin Ƙadiriyya, haka kowace Juma'a in sahu ya fito har kan kwalta. Kanawa sun saba ba mai ƙafa hanya in lokacin ya zo, ba kuma wanda yake ganin an tauye shi.

Na sauko na fita ta Ƙofar Mazugal ana kiran Magariba. A hanya na yi ta lissafin abin da wannan gyara zai ci. Dandamalin kankare, murfin lambatu, gurbin tsayawar adaidaita, dashen itatuwa da fitilu masu aiki da hasken rana, duka ba za su kai kusa da kuɗin gadar sama ɗaya ba. Kafin a zuba kwaltar ƙarshe a kan Jakara, a tura ɗaliban tsara birane na Jami'ar Bayero su tsaya a bakin Kurmi daga Asuba zuwa Isha, su ƙirga masu ƙafa da masu keke da masu baro da adaidaita da motoci, a raba faɗin titin gwargwadon abin da ƙirgar ta nuna. A kuma shimfiɗa zanen a gaban masu unguwanni da limamai da shugabannin kasuwa da ƙungiyar direbobi da ta masu buƙata ta musamman, a kira mata su ma a ji ta bakinsu, domin su ne suka fi kowa sanin inda yaransu suke tsallakawa in za su Islamiyya.